Ku Tambaya, Mu Amsa: Yadda Masu Jita da Ganguna Ke Buga Waƙa a Situdiyo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke kiɗan rok: mai ganguna, mai bes (jita mai kaurin sauti), masu jita biyu, sai ni mai rerawa. Mun je wani situdiyo, injiniyan ya ce shi da fiyano da kwamfuta yake haɗa kiɗa, bai taɓa ɗaukar gangunan gaske ba. Ta ina ake farawa, kuma kwana nawa aikin ke ci? Daga mai karatu a Barnawa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Injiniyan nan gaskiya ya faɗa muku, ku ma gode masa. Galibin wuraren da ake buga waƙoƙin Hausa murya kaɗai suke ɗauka, don haka ƙaramin ɗaki da makirfo ɗaya sun wadatar. Ku kuwa sai ɗakin da zai ci ganguna, da akwatin shigar da sauti cikin kwamfuta mai kafa takwas, ko aƙalla huɗu. Ku tambayi wannan tun kafin a yi maganar kuɗi.

Daga ganguna ake ɗora gini. Tun a gida ku tsayar da saurin waƙar, misali bugu 120 a minti, ku riƙa atisaye da ƙas-ƙas ɗin nan mai ƙirga lokaci har mai ganguna ya daina jin sa kamar ɗan sanda a kunne. A situdiyo, mai jita ɗaya da mai rerawa su fara yin waƙar sama-sama a kan wannan ƙirga, don ta zama jagora. Ba ita za a fitar ba, ko murya ta shaƙe babu komai. Ita mai ganguna zai saurara yana kaɗawa.

Makirfo huɗu sun isa a samu sauti mai kyau. Ɗaya a cikin babbar gangar ƙafa, irin AKG D112 ko Shure Beta 52A. Ɗaya, yawanci Shure SM57, a kan ƙaramar gangar nan mai wayoyi a ƙasanta, kamar yatsu uku sama da bakinta, yana kallon tsakiya. Biyu kuma a sama, kimanin mita ɗaya bisa gangunan, su kama farantan ƙarfe da sauran kayan. Na saman nan irin da ake kira kondensa ne, ba sa aiki sai an danna maɓallin 48V da ke ba su wuta.

Ga inda ake yawan faɗuwa. Ku ɗauki igiya, ku auna daga tsakiyar ƙaramar gangar zuwa makirfon hagu, sannan zuwa na dama. Dole tsawon ya zo daidai. In ɗaya ya fi nisa, bugun zai riga isa ɗayan, idan aka haɗa su sai su riƙa cin juna, gangar ta fito siririya kamar ana dukan gwangwani. Haka kuma a gwada maɓallin juya sauti, mai alamar Ø, a layin ƙaramar gangar, a saurara, a bar shi a inda sautin ya fi kauri.

A saita kwamfuta a 24-bit da 48 kHz. Makaɗi ya doka da iyakar ƙarfinsa, a rage har ma'auni ya tsaya wajen -10. Ku sani, da an ce "mun fara" hannunsa zai ƙara nauyi fiye da lokacin gwaji. Sautin da ya kai ja ya tsage, babu manhajar da za ta ɗinke shi yadda yake.

Bayan ganguna sai bes, ta akwatin DI, wanda ke kai sautinta cikin na'ura kai tsaye ba tare da makirfo ba, mai ita yana bin gangar ƙafa sau da ƙafa. Sai jita: SM57 dab da ragar amfilifaya. A tsakiyar lasifika sauti ya fi kaifi, a matsa gefe sai ya yi taushi, kuma matsawar yatsa biyu kan canza shi fiye da murɗa maɓalli goma. Ku rage ƙugin jita ƙasa da yadda kuka saba a dandali, don yawansa na cinye kalaman kiɗan. In kuna son faɗi, a kaɗa wuri ɗaya sau biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafe na farko a liƙa ba ya ba da faɗi, ƙara kawai yake ƙarawa.

A sa sabbin tsirkiyoyi kwana biyu kafin ranar, su gama miƙewa. A saita tsirkiyoyin kowa a 440, wato ma'aunin amon da aka saba, da na'urar saiti guda, bayan kowace ɗauka. Lokacin hunturun Kaduna ma a ninka kula, don bushewar iska na taɓa katakon wuyan jita.

Murya ce ƙarshe. Mai rerawa ya tsaya taƙi ɗaya daga makirfo, da ragar tare iska a tsakani. A yi ɗauka uku ko huɗu, a tsinci baitin da ya fi daga kowace. Sai haɗa sauti, sannan tacewar ƙarshe.

Batun lokaci: jera makirfo da ɗaure ganguna kaɗai kan ci awa biyu zuwa uku. Ga waɗanda suka haddace waƙarsu, ku ware kwana biyu na ɗauka, ɗaya na haɗawa. In kuwa sai a situdiyo za ku fara gardamar sau nawa za a maimaita amshi, to ku ƙaro kuɗi.

TAMBAYA: Malam, da na jona jita sai in ji wani "zuuu" a ƙarƙashin kiɗa. Waya ce ko wuta? Daga mai karatu a Sabon Tasha.

AMSA: Ɗan'uwa, wannan kukan wutar lantarki ne, wadda a Najeriya take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Rage ƙarar jitar gaba ɗaya. In kukan ya ɗauke, jitar ce ke tsinto shi daga iska: ka nisanci sitabilaiza, cajar waya da dogon ƙwan fitila, sannan ka juya jikinka a hankali, za ka tarar da kusurwar da ya lafa. Ka tsaya nan ka kaɗa. In bai ɗauke ba, canza waya. In yana nan, to kayan ne suka sha wuta daga soket daban-daban. Mayar da su kan ekstenshan guda, ka cire cajar laftof ka ji, ka kuma gwada maɓallin raba ƙasa da ke jikin akwatin DI.

Wasu kan karya ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya, kukan ya tafi. Kada ka kuskura. Ƙafar nan ce ke hana wuta bi ta tsirkiya ta shiga jikinka. Inbata kuma a nemi mai fitar da wuta sumul irin ta NEPA, masu arahar kan sa kaya tsiwa.

TAMBAYA: Shin kiret ɗin ƙwai a bango yana hana ƙara fita? Daga mai karatu a Kawo.

AMSA: Ba ya hanawa, ga shi abincin wuta. Tare ƙara sai nauyi da toshe kafa: bango mai kauri, ƙofa biyu, roba a bakin ƙofa da taga. Kashe amsa-kuwwa a cikin ɗaki kuwa wani aiki ne daban. Shimfiɗa kafet, rataya barguna masu nauyi da ɗan rata tsakaninsu da bango, jingina katifa a kusurwa. Sai ka tafa hannu sau ɗaya a tsakar ɗakin. In ka ji wani "tirrr" ya biyo baya, bangaye biyu masu kallon juna ne ke jifan juna da sauti, ƙara bargo a ɗaya daga cikinsu.