Re: Labulen dandalin wasan kwaikwayo, wanne za mu saya?

Malam ka ce kuna haɗa dandalin dirama a holin makarantarku nan Bauchi, kana tambayar ire-iren labule da sunayensu. To ba ɗaya ba ne gaskiya.

Akwai babban labule na gaba, shi ke raba 'yan kallo da 'yan wasa, yawanci karammiski ne ja mai nauyi, wani a ja shi da igiya ya rabu biyu dama da hagu, wani kuma a ɗaga shi sama gaba ɗaya amma wannan sai rufin holin yana da tsawo sosai, ku kam wanda ake ja da igiyar zai fi muku. In za ka auna yadi a kasuwar Wunti ka ƙara aƙalla rabin faɗin dandalin saboda tattara, in ba haka ba zai tsaya a miƙe kamar zanen gado.

Na gefe dogaye sirara Turawa na ce musu ƙafafu, na sama gajeru kuma boda, baƙaƙe ake yi, suna ɓoye fitilu da yaran da ke jiran shigowa. Don Allah kar a raina su, na taɓa ganin wasa ana kuka a gaba, a gefe ga yaro yana ɗaura rawani kowa na kallonsa.

Na can baya fari shi ne saikulorama, a haska masa shuɗi ya zama sararin sama. Sikirim kuma shara-shara ne, in an haska ta gabansa ya rufe abin da ke baya, in an haska ta bayansa ya nuna mutumin da ke wurin.

Ku dai nisanta fitila mai zafi da yadin, lokacin hunturu komai a bushe yake.