Wane katako ya dace da yanka dabbobin wasan haɗe-haɗe a Legas?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi ƙaramin injin zarton nan mai yanka lanƙwasa, ka fitar da giwa da raƙumi, amma guntayen ta gefe ɗaya kawai suke shiga, kana zargin katakon.

Fara duba injin. In teburin bai tsaya daidai digiri 90 da zarton ba, kowane yanka a karkace yake fitowa. Sa sukwaya, wato ma'aunin kusurwa na kafinta, ka auna, ka ɗaure zarton ya yi tsam, haƙoransa na kallon ƙasa. Kada ka danna katakon ta gefe a wurin kwana. Bar zarton ya ci da kansa. Bakin zarto mai lamba 5 ya isa katako mai kaurin milimita 18.

Maganar katako kuwa, obeche nake so wa mai koyo, wanda Yarbawa ke ce wa arere: ba nauyi, kuma yana yankuwa cikin sauƙi. Za ka samu a kasuwar katako ta Amu a Mushin. Sai dai ka dage a ba ka busasshe, domin da laimar Legas ɗanye kan lanƙwashe, guntayen su ƙi haɗuwa. Katakon loko kam, wato iroko, ƙurarsa tana sa ƙaiƙayi da tari, sai da takunkumi.

Abin da ya fi damuna su ne ƙafafu da wuyan raƙumi. Shimfiɗa zanen yadda jijiyar katakon za ta bi tsawonsu, in ba haka ba ɓallewa za su yi a hannun yaro. Goge gefuna da samfefa, ka shafa kakin zuma. Yaron da bai kai shekara 3 ba, kada a ba shi ƙananan guntaye, zai iya kai su baki.