Tambayoyinku: Yadda ake dafa ƙuzi na mutanen Iraƙi

Tambaya: Na gwada ƙuzi sau biyu. Naman yakan yi ja a waje amma ciki da tauri, shinkafar kuma ta caɓe. Ina kuskuren yake?

Amsa: Uwargida, da alama kin jefa ɗanyen naman a obin mai zafi kai tsaye. Ƙuzi, wanda sunansa ya samo asali daga kalmar Turkanci mai nufin ɗan rago, abincin biki ne da Sallah a Iraƙi, kuma ba ya son gaggawa. Sai nama ya nuna lugub kafin a gasa shi.

Ki samu kafaɗar ɗan rago mai kilo 2 da ƙashinta. Ta fi cinya, domin kitse da jijiyar da ke cikinta su ne ke narkewa su tausasa naman. Ki soya ta sama-sama a man shanu, ki zuba ruwa ya kusa rufe ta. Ki kwashe kumfar da ta taso, sannan ki sa albasa 2, kirfa sanda 1, kanumfari 5, kadamon 6, masoro da gishiri. Wuta ƙasa-ƙasa, awa 2 zuwa 2 da rabi. In kin soka cokali mai yatsu ya shige ba gardama, ki tsame, ki shafe da man shanu da ɗan kurkum, ki gasa minti 20 a obin mai zafin digiri 200 na ma'aunin Celsius. Gashin don launi ne kawai.

Shinkafa kuwa, ki wanke kofi 3 har ruwan ya yi garau, ki jiƙa minti 30. Romon da kika tace kofi 4 da rabi ya ishe ta, domin jiƙaƙƙiyar shinkafa ta riga ta sha ruwa. Nan mafi yawan masu girki ke zarcewa. In ruwan ya tsotse, ki rage wuta ki turara minti 20 ba buɗewa. 'Yan Iraƙi sun fi son anbar mai ƙamshi da ake nomawa a yankin Najaf, amma basmati ma ta yi.

Tambaya: Na sa busasshen lemun tsami kamar yadda aka ce, romon ya yi ɗaci.

Amsa: Wannan shi ne numi Basra. Ɗacin daga 'ya'yansa yake. Guda 2 sun isa. Ki huda su da wuƙa ki jefa ɗungurungum, kada ki farfasa. In dakawa za ki yi, cire 'ya'yan tukuna.

Sai ado: almon da zabibi a soya daban-daban. Zabibi ko minti ɗaya ba ya kaiwa. Da ya kumbura ki kwashe, in ya ƙone shi ma ɗaci zai yi. A shimfiɗa shinkafa a faranti, a ɗora nama, a watsa su a kai, a kawo miyar tumatir da farin wake a gefe.