Kwalba ɗaya, dala 558,000: me ke cikinta?

Tambaya: Malam, na ji an sayar da kwalbar jar giyar inabi guda ɗaya a kan dala dubu ɗari biyar da ɗoriya. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me aka zuba a ciki?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. A watan Oktoba na 2018 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da ita a birnin New York kan dala 558,000. Ni dai ban taɓa kai wannan abu bakina ba, kuma ba talla nake yi masa ba, amma labarin gonar da ta fito ya isa a tsaya a ji.

Sunan gonar Romanée-Conti, a ƙauyen Vosne-Romanée na yankin Burgundi a Faransa. Kada ka zaci wata makekiya ce: ba ta cika hekta biyu ba. Inabi iri ɗaya ake nomawa a cikinta, wanda suke kira Pinot Noir, kuma a shekara mai kyau da ƙyar take ba da kwalba dubu biyar zuwa shida. Duk attajiran duniya a kan wannan ɗan abin suke rububi. Wani basaraken Faransa mai sarautar Yariman Conti ya saye ta a 1760, shi ya bar mata sunansa. Kakan iyalin de Villaine ya karɓe ta a 1869, iyalin Leroy suka sayi rabi a 1942, har yau kuma tana hannun gidajen nan biyu. Da doki suke huɗa, don kada nauyin tarakta ya danne ƙasar.

Ita kwalbar da ka tambaya ta 1945 ce, kuma a nan sirrin yake. Tun wajajen 1860 wani ƙaramin kwaro mai cin saiwa ya shigo Turai daga Amurka, ya yi wa gonakin inabi kaca-kaca. Manoma suka koma yi wa itatuwansu aure da saiwar inabin Amurka, wadda kwaron ba ya iya kashewa. Masu wannan gona suka ƙi, suka yi ta lallaɓa tsofaffin itatuwansu har ƙarfinsu ya ƙare. A 1945 kwalba 600 kacal suka samu. Bayan girbin suka tumɓuke su duka, suka sake dashe a 1947, ba su ƙara fitar da ko kwalba ɗaya da sunan gonar ba sai ta 1952. Kamfani mai masu hannun jari da wuya ya jure shekara shida ba ciniki daga wannan gona. Iyali da ke tunanin jikoki sun jure.

Abin da ke cikin kwalbar kuwa ruwan inabi ne da ya tsimu, aka ajiye shi a gangar katako wajen shekara ɗaya da rabi. Jan ma daga ɓawon inabin yake fitowa, ruwan kansa fari ne. A ganina wanda ya saye ta ba ɗanɗano ya biya ba, ragowar itatuwan da babu su ya saya, kuma ina shakkar zai taɓa buɗe ta.