Ku Tambayi Magina: Ƙasa, Siminti da Ruwan Sama

Wasiƙun wannan fitowar duk daga Zariya suke, kuma magina da masu zanen gini ne suka haɗu suka amsa su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu na gado ginin ƙasa ne. Mun yi wa bangon waje filastar siminti don mu huta da yaɓen shekara-shekara, sai ga shi yanzu ta kumbura tana ɓallewa, ƙasar ciki kuma ta jiƙe. Birkila ya ce a rushe a yi da bulo. Mene ne abin yi? (Daga Kwarbai)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku yi gaggawar rushewa, don filastar ce ta cuci bangon. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani, kuma yana ɗan kumbura yana motsewa. Siminti ba ya bin sa a wannan motsin, sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin ƙasar, daga waje kuwa bango fes.

Ku jira ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba. Ku bi bangon da ƙotar guduma kuna ƙwanƙwasawa, duk inda ya yi amon fanko ku ɓamɓare, ku bar shi ya sha iskar hunturu sati biyu ko uku. Sannan ku soka ƙusa mai inci 6 ku ji inda ƙasa mai ƙarfi ta fara. In lalacewar ba ta kai sulusin kaurin bangon ba, gyara ne: a kankare ruɓaɓɓen, a yayyafa ruwa, a cike da irin ƙasar da aka yi ginin da ita, wadda aka cuɗa da ciyawa ta kwana biyu ko uku tana tsima. A riƙa sa ta kaɗan-kaɗan, kowane shafi kada ya wuce santimita 3, sai ya bushe a ƙara wani. Wanda ya lafta ta lokaci guda zai tarar ta tsage ta zube. Amma in bangon ya karkata, ko tsaga ta taso daga sama har ƙasa kuma yatsa yana shiga, ko bakin azara ya ruɓe a inda ya hau bango, to a kwashe mutane daga ɗakin, a kira gwanin magini ko injiniya ya gani da idonsa.

Shafen ƙarshe kuwa, a koma wa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Ta kan hana ruwa shiga, ta kuma bar bango ya fitar da laimarsa, sai dai tana son sabuntawa bayan 'yan shekaru. Laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, ya fi ta ƙarko, amma masu haɗa shi sun yi ƙaranci. A fi ba bangon gabas kulawa, tunda ta can hadari ke tasowa yana dukan sa. A duba indararo kuma: ya fito aƙalla rabin mita daga bango, a ajiye dutse inda ruwan ke faɗowa, a yi wa gindin bangon ɗan dakali mai gangara zuwa waje. Galibin ginin ƙasar da ya faɗi, ta gindi ko ta sama ne ruwa ya ci shi. Ƙasar kanta ba ta da laifi, ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, har yau bakan gizon da ke riƙe da rufinsa na nan a ƙarƙashin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi, ga kuma tsohuwar majami'ar Wusasa ta 1929.

Tambaya: Ina da fili zan fara gini. An ba ni shawarar bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, wai ya fi arha da sanyi. Gaskiya ne? (Alhaji, daga Ɗan Magaji)

Amsa: Ranka ya daɗe, batun sanyi gaskiya ne, na arha kuma da sauran magana. Bari mu yi lissafi. Buhun siminti mai kilo 50 yana ba da irin wannan bulo tsakanin 80 da 120, gwargwadon haɗi, kuma murabba'in mita ɗaya na bango yana cin kamar 33. Wato buhu ɗaya ya tada bangon murabba'in mita 3 ko makamancin haka. Bulon yashi mai inci 9 kuwa guda 10 ke rufe murabba'in mita, kuma in an buga na ƙwarai wajen 30 ake samu a buhu. Kusan kunnen doki ke nan. Ribar tana wani wuri: ba sai an yi filasta ciki da waje ba, ba fenti, kuma ba sayen yashi tifa-tifa in ƙasar filinka ta dace. Hakan ma ya rage wa koguna irin su Galma da Kubanni yawan ɗibar yashi.

Kafin komai a gwada ƙasar. A cire ta saman da ciyawa ke fitowa a kai, wannan ta noma ce. A ɗebo ta ƙasa, a zuba a kwalba zuwa sulusi, a cika da ruwa, a sa ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye ta kwana. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, laka a can sama. Ana son laka ta kasance kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100. In ta yi yawa bulon zai tsattsage, sai a ƙara yashi. In ta yi kaɗan ba zai kama jikinsa ba.

A tankaɗe ƙasar da ragar waya, a auna kwanon sarki ɗaya na siminti ga 12 zuwa 18 na ƙasa, a cuɗa a bushe har launin ya zama ɗaya kafin a yayyafa ruwa. Ga yadda ake gane ruwan ya yi daidai: a dunƙula a hannu, a sake shi daga tsayin ƙugu. In ya fashe gida huɗu ko biyar ya yi, in ya watse kamar gari ruwa bai isa ba, in ya baje bai fashe ba ya yi yawa. Kada a kwaɓa fiye da abin da za a matse cikin awa ɗaya.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an buga. Ma'aikata sun saba da tubali, sai su baza shi a rana. Siminti kuwa laima yake so kafin ya yi ƙarfi. A jera bulon a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafa ruwa na sati biyu, kada a ɗora shi a gini sai ya cika kwana 28. Harsashi kuma a yi shi da dutse ko kankare, ya ɗago aƙalla santimita 30 daga ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin layin farko.

Tambaya: Malamai, gidana na bulo ne da rufin kwano. A watan Maris da Afrilu ba ma iya kwana a ɗaki. Akwai dabara ban da na'urar sanyaya ɗaki? (Hajiya, daga Tudun Wada)

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma daga sama za a fara. Iskar da ke tsakanin kwano da silin ita ke dafa ɗakin, don haka a buɗe mata ƙofofi biyu masu kallon juna a saman bango, a sa raga saboda jemage da tsuntsaye. A shafa wa kwanon farin fenti, don mai duhun launi, duk kyansa a ido, zafi yake tarawa. Tagar yamma a yi mata rumfa ko a dasa darbejiya, amma nesa da bango kamar mita 5 saboda saiwa. Da rana a rufe tagogi, bayan magariba a buɗe na ɓangarori biyu iska ta ratsa. Mai shirin sabon gini kuwa ya sa dogayen bangwaye su kalli kudu da arewa, bakin rufi ya zarce bango da santimita 60 zuwa 90.

Tambaya: Tara ruwan rufi ya cancanci kuɗin tanki? (Daga Samaru)

Amsa: Ƙwarai, Malam. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, don haka rufi mai murabba'in mita 100 zai iya ba ka wajen lita 80,000 bayan an cire wanda ya zube. Sai dai kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka, tanki mai lita 5,000 kuwa ruwa ɗaya mai ƙarfi na Agusta ya isa ya cika shi. Zai ɗauke maka sayen ruwa da damina, amma ba zai raka ka har bazara ba. Ruwan farko da ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye a bar shi ya zube, haka ma lita 50 zuwa 100 na farkon kowane ruwa. A sa raga a bakin bututu, a rufe tankin ruf saboda sauro, a ɗora shi kan dakalin kankare, don in ya cika nauyinsa tan 5 ne. Bututun ambaliya kuma a kai shi lambu ko magudana, aƙalla mita 2 daga gindin bango.