Ƙanwata, Ga Yadda Ake Koya Musu Yaƙin Girkawa

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin samu gurbin digirin digirgir a Ingila, za ki taho da yaronki ɗan shekara takwas, amma hankalinki bai kwanta ba tunda kika ji ana koya wa ƙananan yara yaƙe-yaƙen Girkawan dā da gumakansu. Ni mataimakiyar malama ce a wata firamare a nan, a gabana ake darasin kowace shekara.

Gaskiya ne, yana cikin manhajar 'yan shekara 7 zuwa 11. Darasin addini iyaye na da ikon cire ɗansu, wannan kuwa tarihi ne, ba a cirewa. Gumakan tamkar tatsuniya ake kawo su, ba mai ce masa ya yi imani.

Da yaƙin Maraton muke farawa, na shekarar 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da mutanen birnin Atina na Girka kusan 10,000 suka tari rundunar Sarki Dariyus na Farisa. Ba jini ake nuna musu ba. Kowane yaro yakan yanka kwali ya yi garkuwa, ya shafe ta da fenti, sai mu jera su kafaɗa da kafaɗa. A hannun hagu ake riƙe garkuwar, don haka rabinta na gefenka take karewa. Na ga wata yarinya ta fita daga sahu don ɗaure takalmi, na kusa da ita ya yi ihu wai ta bar shi a buɗe. Nan take ajin ya gane abin da malama ta yi rabin awa tana bayani.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a barin labari ya wuce ba tambaya. Marubucin tarihin Girkawa Herodotus ya ce Farisawa 6,400 suka mutu, mutanen Atina 192 kawai. Sai malama ta ce: wa ya ƙirga, kuma shi ɗan wane ɓangare ne? Haka labarin wanda ya sheƙa a guje zuwa Atina ya ba da albishir ya faɗi ya mutu, akan gaya musu sai bayan ɗaruruwan shekaru aka rubuta shi. Yaƙinsu da Farisawa a mashigar Tamofilai ma, a 480, kowa ya san mutum 300 na Sarki Leyonidas na Sparta, amma akwai mutanen Tesfiya 700 da suka tsaya tare da su har ƙarshe, ba a cika ambatonsu ba. Yaƙin ruwa na Salamis akan taɓa shi sama-sama, galibi don jiragen masu matuƙa 170.

Inda nake so ki sa ido shi ne Farisawa. Tunda daga bakin Girkawa labarin ya fito, yaro na iya ɗauka su ne mugaye. Ɗana ya taɓa dawowa yana tambayata ko mutanen Salmanul Farisi ne aka ci da yaƙi. Na zaunar da shi na ce ƙasa ɗaya ce, amma tsakaninsu ya haura shekara dubu, kuma Farisa daula ce mai hanyoyi da tsarin mulki, ba taron 'yan fashi ba. Wannan aikinki ne a gida.

Kafin ku taso, ki koya masa ƙirgen shekarun da ke tafiya da baya, ya san 490 ta riga 480, don nan yara suka fi rikicewa. Ki kuma sako farin zanen gado a akwati, akwai ranar da za a ce su zo da shigar Girkawa. Allah ya kawo ku lafiya.