Windows 10 Ta Zo Ƙarshe, Kwamfutocina Kuma Ƙalau Suke: In Sayar Ko In Riƙe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Unguwar Rogo, kusa da jami'a. Kwamfutocin tebur huɗu gare ni, Dell uku da HP ɗaya, duk na hannu na saye su, kuma ban da ƙurar hunturu da ke sa fankarsu kuka, ba su taɓa ba ni ciwon kai ba. Da su muke buga wa ɗalibai furojet, mu biya musu kuɗin makaranta ta intanet, ɗaya kuma yarona ke zana katin biki da kalanda a kanta da CorelDRAW. Kwanaki saƙo ya riƙa rufe allo wai Windows 10 ta zo ƙarshe. Da muka nemi hawa Windows 11 sai aka ce kwamfutocin ba su cika sharaɗi ba. Wani mai sayar da kaya a Taminus ya ce in kawo su duka ya karɓa, in yi ciko ya ba ni wasu, in ba haka ba wata rana za mu wayi gari sun mutu. Haka ne? Ni dai ba ni da kuɗin kwamfuta huɗu a yanzu.

*Wata Hajiya mai shago, Unguwar Rogo, Jos*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki kai masa ko ɗaya tukuna. Ba za su mutu ba, kuma ina kyautata zaton shi ma ya san haka, tunda ba zai karɓi gawa ya ajiye a shagonsa ba.

Ga abin da ya faru. Windows 10 ta fito a 2015, kuma ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko mata gyaran tsaro na kyauta. Iyakar abin ke nan. Babu wani maɓalli a Amurka da za a danna kwamfutarki ta ɗauke. Za ta tashi da safe yadda ta saba, firinta za ta buga, Corel zai buɗe.

Sai dai fa akwai haɗari, kuma ba na so ki raina shi. A Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft yana fitar da gyara na toshe ƙofofin da aka gano ɓarayin intanet za su iya bi. Windows 10 da 11 tushensu ɗaya, ginin cikinsu ya yi kama ƙwarai. Saboda haka duk sanda aka toshe wata kafa a Windows 11, masu ɓarna sukan duba gyaran su gane inda kafar take, su je su lalubi irinta a Windows 10, inda ba wanda zai zo ya toshe. Kamar gidaje biyu ne masu katanga iri ɗaya, magini yana zuwa ɗaya duk wata yana liƙe tsaga a gaban jama'a, ɗayan kuwa ya daina leƙawa. Wata na farko ba komai. Bayan shekara biyu tsagogin sun taru. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa sallamar marasa lafiya ba a duba su ba. Gyaran wannan kafar ya fito tun watan Maris, waɗanda abin ya ci ba su saka shi ba ne. Waɗancan sakaci ne ya ja musu, ke kuwa nan gaba ko kin nemi gyaran ba za ki samu ba.

Kafin komai, a sake duba kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Windows 11 tana neman ram giga 4, ma'adana giga 64, wani ɗan ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000. Yaronki ya danna maɓallin dama na linzami a kan This PC ya zaɓi Properties, zai ga rubutu irin i5-4570 ko i5-8500. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin: ta farko na huɗu ce, ta biyu na takwas. In an ga takwas ko tara, ko lamba mai harafi biyar da ta fara da 10 zuwa sama, amma duk da haka an ce ba ta cika sharaɗi ba, galibi TPM ɗin ne a kashe a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi. A nemi inda aka rubuta TPM ko PTT a kunna, aikin minti biyar ne. Amma tsofaffin Dell irin su OptiPlex 3020 da 9020 zubi na huɗu ne, waɗannan kuwa ba wata dabara a BIOS da za ta kai su.

In haka naki suke, shawarata ita ce ki daina kallonsu a matsayin matsala ɗaya. Kowacce da aikinta, kuma ba duka ke fuskantar haɗari iri ɗaya ba.

Wadda ake biyan kuɗi a kanta ita ce abin damuwa. Nan ake shigar da lambar katin banki, nan ɗalibai ke rubuta kalmar sirrinsu, nan ake buɗe Remita da shafin jami'a. Amanar mutane ce a hannunki. In za ki kashe kuɗi, a nan za ki kashe: ki sayi guda ɗaya tak ta hannu mai zubi na takwas ko sama, irin OptiPlex 3060 ko 7060, ko HP EliteDesk 800 G4. Ba sai da allo da kibod ba, na wurinki za su yi. Akwai kuma wani tsari na Microsoft mai suna ESU da ke ƙara wa Windows 10 wa'adin gyaran tsaro. Na masu amfani a gida, bisa sanarwar 2025, wa'adinsa 13 ga Oktoba 2026 ne, ana shiga da asusun Microsoft, ko dai kyauta in an yarda saitin kwamfutar ya riƙa ajiyuwa a wurinsu, ko a biya dala 30. Na kamfanoni dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma yana ninkawa duk shekara, har tsawon shekara uku. Sharaɗinsa sai Windows 10 ɗin ta kai bugun 22H2, kuma na san halin shagunanmu, da yawa an kashe sabuntawa tun tuni don kada ta cinye data. Ni a ganina ESU numfashi ne kawai kafin ki tara kuɗi, kada ki gina shago a kansa.

Ta Corel kuwa ki bar ta a Windows 10, domin CorelDRAW ba ya da bugun Linux, kuma wanda hannunsa ya saba da shi ba zai koma wata manhaja cikin mako guda ba alhali katin biki na jira. Abin da za a yi shi ne a zare mata wayar intanet. Ba Facebook, ba sauko da waƙa, ba neman salon rubutu na kyauta a shafukan da ba a san asalinsu ba, wanda nan ne yaran shago suka fi kwaso cuta. Sau ɗaya a mako a jona ta na ɗan lokaci don Defender, mai gadin bairos da ke cikin Windows, ya sabunta, tunda Microsoft ya ce zai ci gaba da aiko masa bayanan bairos har zuwa Oktoba 2028, sannan a sake zarewa.

Saura biyu na buga rubutu, kuma su nake so ki gwada wa Linux Mint. Babbar manhaja ce kamar Windows, kyauta ce ta halal, ba satacciya ba, ba lambar lasisi, ba saƙon nan na ƙasan allo mai cewa a kunna Windows. Bugu na 22 yana samun gyaran tsaro har 2029. Ram giga 2 ya ishe ta tashi, giga 4 ya fi daɗi, wato kwamfutar da Windows 11 ta raina ita a wurinta ta wadata. Fuskarta ma ba baƙuwa ba ce: maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel.

Abin da ya fi burge ni da ita a shago irin naki shi ne batun filashi. Kin san yadda ɗalibi zai miƙo filashinsa, a buɗe a ga duk fayilolin sun koma 'yan gajerun alamomi masu kibiya, ya dafe kai yana cewa furojet ɗinsa ya tafi. Wannan bairos ɗin don Windows aka rubuta shi, a Linux ba ya motsi. A can za ki ga takardun da ya ɓoye suna nan zaune, ki ga shi kansa mugun fayil ɗin ki goge. Don haka ki kafa doka: duk filashin da ya shigo daga waje, a kwamfutar Linux ake fara soka shi. Abin da za a kai wa ta Corel, da filashin shago za a kai.

Ba zan ɓoye miki wahalarta ba. Furojet da aka tsara a Word yakan ɗan goce a LibreOffice: jadawali ya zame, babi ya faro a tsakiyar shafi, lambar shafi ta saɓa da ta jerin abubuwan ciki. Babban dalili shi ne Times New Roman ba ya zuwa da ita, sai an sauko da kunshin haruffan Microsoft daga rumbun manhajojinta. A yi wannan tun ranar farko. Wanda kuma ya gama tsara aikinsa bugawa kawai ya kawo, a ce ya kawo shi a PDF, ba abin da zai goce. Firintocin HP galibi suna kamawa ba gardama, wasu kamfanonin sai an gwada. Na'urar ɗaukar zanen yatsa kuwa a bar ta a kan Windows.

Kuma ba sai kin goge komai kafin ki gani ba. A sauko da Mint a zuba ta a filashi mai giga 8 da manhajar Rufus, a kunna kwamfutar ana danna F12 in Dell ce, F9 in HP ce, a zaɓi filashin. Za ta tashi daga cikinsa ba ta taɓa Windows ɗinki ba. A gwada firinta da sikana, a buɗe furojet biyu ko uku na gaske. In ta yi, a kwashe takardun shago zuwa wani wuri, sannan a girka a kan guda ɗaya. Ta biyun ta jira sai yaran sun saba.

Za ki ji ana ambatar ChromeOS Flex na Google. Yana da sauƙi, amma kusan duk aikinsa a intanet yake, kuma ke kin fi ni sanin yadda sabis ke yi ranar da layi ya cika shago. Ban ba ki shawararsa ba.

Tambaya: Malam, kwamfutar gidana Windows 7 ce, Core 2 Duo, ram giga 2. Yara ke koyon rubutu a kanta. Yanzu shafuka da yawa ba sa buɗewa daidai. Ta gama yayi ke nan?

*Wani ma'aikaci, Rikkos, Jos*

Amsa: Yallaɓai, taka ta riga ta Hajiya shiga wannan hali, domin Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020 aka daina kula da ita. Shafukan da ke ƙin buɗewa kuwa laifin burauza ne: Chrome ya tsaya a bugu na 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023, duniya ta wuce ta bar shi. Kada ka ƙara shiga asusun banki da ita. In rubutu kawai yara ke koyo, a cire intanet su ci gaba, ba abin da zai same ta. In kuma kana so su riƙa bincike, a sa mata Linux Mint bugun Xfce, wanda ya fi sauƙin nauyi, a ƙara ram ya kai giga 4, a musanya tsohon had dis da ƙaramin SSD, wato ma'adana irin ta zamani da ta fi sauri. Wannan musanyar ita kaɗai za ta sa ka ɗauka wata kwamfutar aka kawo maka. In agogonta yana komawa baya duk sanda aka ɗauke wuta, ɗan batirin cikinta ne ya mutu, CR2032, irin na makullin mota. Kwanan wata da ba daidai ba shi ma yana hana shafuka buɗewa, don haka fara da shi.

Tambaya: Abokina ya sa wa tsohuwar kwamfutarsa Windows 11 ta hanyar tsallake sharuɗɗan, kuma tana aiki lafiya. Me zai hana kowa ya yi haka?

*Wani ɗalibi, Farin Gada, Jos*

Amsa: Ƙanena, ana yi, Rufus ma yana da wurin da ake cire sharuɗɗan. A kan kwamfutarka ta wasa ban hana ka ba. Amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin aiko wa irin wannan kwamfutar gyara ba, kuma babban sabuntawa na shekara yawanci ba ya zuwa da kansa, sai ka sake yin dabarar da hannu. Ƙofar ma tana ƙara tsukewa: daga bugun 24H2, furosesa irin Core 2 Duo ko an tsallake sharaɗin ba ta tashi sam.

Inda abin ya fi damuna shi ne kasuwa. Yanzu za ka tarar da kwamfuta zubi na huɗu ko na shida an ɗora mata Windows 11 ta wannan hanyar, an goge ta tana sheƙi, ana neman kuɗin sabon zubi. Ganin Windows 11 a allo ba shaida ba ce. Ko a Taminus kake ciniki ko a Banex ta Abuja, ka sa a kunna ta a gabanka, ka buɗe Properties da hannunka ka karanta lambar furosesa, sannan ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta tpm.msc, ka tabbata ka ga 2.0 kafin ka ƙirga kuɗi. Hajiya, wannan har da ke, in kin tashi sayen guda ɗayan nan.